Katanga Ba Gini Ba Ce

Ku rage ƙarar fankar nan tukuna, ba na jin kaina. Kai mai gilashi, juyo min da kwamfutar sosai, idona ba na da ba ne. To, wannan ita ce sabuwar unguwar da za ku yanka wa masu ƙaramin ƙarfi? Madalla. Layuka sun miƙe, launi ya zauna, ga kore ga shuɗi, har da bishiyoyin da ba wanda ya shuka. Ɗayanku ya ce min a waya wai a yini guda kuka gama zanen, wai aikin tsara gari yanzu ya zama shan shayi tunda tauraron ɗan'adam yana hango muku ƙasa daga sama. Ban yi musu ba. Ni dai kun kira ni in sa albarka, sai idona ya faɗa kan sharaɗin nan na ƙasan shafi, wanda ya ce duk wanda bai gina ba cikin wa'adi za a karɓe filinsa, kuma katanga ba gini ba ce. Na san maganar nan. Ina zaune a ɗakin da aka haife ta. Saboda haka zan ci muku lokaci, mai sauri kuma ƙofa a buɗe take.

Ni da sarƙa na fara. Ɗan Jahun ne ni, amma a Kano aka ɗauke ni aiki, da aka yanke jiha aka ce Dutse ce hedikwata sai aka juye mu a nan, mu da kabad ɗinmu da fayilolinmu, garin kuwa bai shirya wa baƙi ba. Manyan ma'aikata ma wasu a ofis suke shimfiɗa tabarma, wasu kullum su yi sammako daga Kano su koma da yamma. Ubangidana Malam Inuwa Safiyo, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na leƙa na'urar awo mai ƙafa uku ba sai da tafin hannuna ya yi kanta. Aikina jan sarƙar ƙarfe, wadda in rana ta take sai ka naɗe hannu da tsumma, da riƙe sanda mai ja da fari, da saran ƙaya da adda, da kafa turaku. In mun dawo ofis kuma ga teburin zane, ga takarda mai shara-shara da alƙalamin tawada. Ka yi kuskure ka kankare da reza, in takardar ta huje ka koma farko. Malam Inuwa yana gefe yana cin goro, ko kallonka ba ya yi.

Akwai wata gona a bayan Limawa, ita ce aikin farko da ya zauna min a kai. Mun isa dawa ta kai ƙirji, na sauke na'ura zan kafa, sai Malam Inuwa ya daka min tsawa ya ce in mayar da ita mota. Muka taka har gidan mai gonar, muka gaisa, muka sha ruwa, aka yi ta hirar damina kamar yawo ne ya kawo mu. Sai da la'asar ta gabato ya faɗi abin da ke tafe da mu. A hanyar dawowa ya ce min layin da nake ja da rula a ofis, a ƙasa hatsin wani ne, don haka in koyi sallama kafin in koyi lissafi. Shi ne kuma ya hana ni yarda da filin Dutse a rani. Duwatsun nan ba sa shan ruwa, zubo shi suke yi. Filin da ka gani fes da bazara, in Agusta ta zo kwaɗi ne masu shi. Wannan sai kun je da takalmanku za ku gani.

Masu zuwa ofishinmu iri-iri ne. Akwai alhajin da ba ya zuwa da kansa, katinsa ne yake zuwa. Akwai dillali, wanda ya fi mu sanin lambar kowane fuloti, ya san wanda ya rasu da wanda matsi ya kama. Akwai masu awon igiya, wato mai gona ya kira dillali su yayyanka gonar da igiya su sayar, ba titi, ba lambatu, ba wurin makaranta, sai lungun da ko makara ba ta juyawa. Mun zage su har mun gaji, amma tsakani da Allah su ne suke ba talaka wurin kwana, mu takarda muke ba shi. Sannan akwai mutanen benci: masinja, mai shara a asibiti, malamin firamare, mai gadi, direban da ya tsufa. Su zo tun safe su jeru a bencin baranda, in ka wuce su miƙe su gaishe ka, in ka tambaye su me ake ciki su ce ai dai sun zo ne a san da su. Saboda mutanen benci aka ƙirƙiro duk dabarun da kuka karanta a jami'a, kuma kusan kowace na ga yadda ta ƙare.

An gina rukunin gidaje aka ce masu sauƙin kuɗi ne, a riƙa cire wa mutum a albashi har ya mallaka. Ranar rabon makulli na dubi motocin da suka faka, na san mutanen benci sai dai su zo gadi. An ba 'yan kwangila fili kyauta, aka yafe musu kuɗin takardu, da sharaɗin su ware wani kaso na gidajen ga marasa ƙarfi. Ni aka tura dubawa. Sun ware kuwa, can ƙarshen fili inda ruwan dutse yake taruwa, ɗakuna kamar akurki, taga ɗaya tana kallon bango, kuma kafin fenti ya bushe ƙannen matansu sun tare. An kawo maganar lamunin banki. Banki ya ce sai mai takardar albashi mai kauri, mutanenmu kuma da suka ji akwai kuɗin ruwa a ciki, rabi suka tashi suka kaɗe riga. Ba cewa nake dabarun banza ba ne, kowace da hankali aka zo da ita. Sai dai duk ramin da ka toshe, ɓera ya riga ka sanin na gaba.

To sai muka zauna muka ce mu daina gina wa talaka gida, tunda ya fi mu iya ginawa da araha. Mu ba shi ƙasa, mu share masa hanya. Aka samu fili a hanyar Kiyawa, aka biya masu gonaki diyya, muka yanka fulotai ƙanana, rabin irin na manya, don kada su ba mai kuɗi sha'awa. Aka buɗe tituna, aka ja lambatu, aka haƙa burtsatse. Aka yafe kuɗin awo da na takardar mallaka da na amincewa da zane, zanen ma mu muka yi muka raba kyauta. Sannan ga zumar a ƙarshe: duk wanda ya kai ɗakinsa linta, ya zo ya karɓi kwanon rufi da katako, ba ko sisi. Tantancewa kuma ba mu bar wa kati ba, unguwa-unguwa muka bi, muka zauna da masu unguwanni da limamai suka faɗa mana wanda da gaske ba shi da inda zai sa haƙarƙari. Wallahi a duk aikina ban taɓa jin daɗi kamar lokacin ba. Na ga mutanen benci sun tashi daga benci.

Amma mun sha wuya a hannun masu katange fili, kun san su. Mutum ya karɓi fuloti, ya zagaye shi da bulo, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya tafi abinsa, ya bar fili yana ƙiba kamar ragon layya. Shekara da shekaru unguwa ba kowa sai ciyawa da macizai, gwamnati ta yi asarar titi da lambatu. Don mu kashe musu kasuwa muka sa wa'adi, muka rubuta cewa katanga ba gini ba ce. Don kada unguwar ta zama sansani kuma muka hana bukka da shingen zana. Kowa a ɗakin ya gyaɗa kai, an yi dabara. Dukanmu a bayan katanga aka haife mu, kuma da za ka bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya da katanga muka fara, amma ba wanda abin ya faɗo masa a rai. Idonmu gaba ɗaya yana kan alhazai.

A cikin mutanen benci akwai Malam Buba, Baffa muke ce masa. Bafulatani ne dogo, ya girme ni nesa ba kusa ba, mai gadi a wata makarantar firamare. Asalinsu masu shanu ne daga wajen Kafin Hausa. Gonaki suka cinye burtali, garke ya yi ta raguwa, har ya bar ragowar a hannun ƙaninsa ya shigo gari. Yana haya a Limawa, ɗaki ɗaya a gidan da ya fi kasuwa cika, shi da matarsa Inna Dije da 'ya'yansu mata da suka fara tasawa. Banɗaki ɗaya ne na kowa da kowa, har samarin gidan da baƙinsu. Bai taɓa faɗa min wannan da bakinsa ba, kun san su da kunya, mai unguwarsu ne ya faɗa. Sunansa ya fito cikin waɗanda aka ba fuloti. Ni na kai shi na nuna masa turakunsa, fulotin kwana ne, titi ya bi ta gabas. Ya tsuguna ya dafa turke ɗaya ya daɗe, sannan ya ce min "mi yetti", wato ya gode, ya ƙara da cewa ashe Kaɗo, wato Bahaushe, shi ma yana abin kirki in ya manta. Daga ranar Kaɗo yake ce min, ni kuma in tambaye shi ko ya koyi kwana a kan gado.

Bayan kaka na fita zagaye na tarar tifa ta juye yashi a filinsa, birkila yana jan igiya, amma ba a inda zane ya ce ɗaki ba. A kan iyaka yake ja. Na dubi hagu na dubi dama, duk unguwar haka take, kowa katanga yake ɗagawa. Na ja Baffa gefe na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce bulon da zai zagaye fili da shi ya isa ya kai ɗaki linta har ya yi saura, ya karɓi kwanonsa, ya tsira daga wa'adi, katanga ta biyo baya. Ya saurare ni har na gama, ba ya katse mutum.

"Kaɗo," ya ce, "ɗaki a tsakiyar fili, mai wucewa yana kallon tukunyar Dije, yana kallon yarana sun fito da buta. To me na baro a Limawa?"

Na ce ai na ɗan lokaci ne.

"Kai da ka gina naka, da me ka fara?"

Ya san amsar, da katanga na fara. Ya ce tsarinsa irin na kowa ne: katanga, sai banɗaki, sai ɗaki ɗaya, kowace kaka a ƙara abin da Allah ya hore. Kuma in ba katanga, bulon da ka ajiye ma ƙafa gare shi, yashi kuwa maƙwabci zai ara ba sallama. Na buɗe baki zan ce to ya kewaye da zana kafin nan, sai na tuna mu muka hana zana.

Kada ku ce ba wanda ya bi tsarinmu. Akwai wani malamin makaranta a layin baya, shi ya ji magana, ya tayar da ɗaki a tsakiyar fili tsirara, ya karɓi kwano ya rufa. Matarsa ta zo ta gani ta ce ita ba za ta zauna a tasha ba. Ya ƙare da kewaye wurin da tsofaffin buhuna da ragowar kwano, abin da doka ta ce in ci shi tara a kai. Duk sanda na zo layinsu sai in tuna ina da aiki a wani layin. Shi dai filinsa yana hannunsa har yau. Irinsa ba su cika hannu ba.

Baffa da shanu ya yi tasa katangar. Duk sanda aiki ya tsaya sai ya aika wa ƙaninsa a kai ɗaya kasuwa. Ran da aka gama ya kira ni in gani, ya zagaya da ni yana dafa bulo. Ɓangaren gabas, mai tsawon nan, bijiminsa ne. Na kudu karsanar da ya so ya bar wa babbar 'yarsa ce. Arewa da yamma maruƙa ne da wata saniya mai karyayyen ƙaho. Ƙofar ƙarfe kuwa guzumar da ya gada daga mahaifiyarsa. Yana faɗa yana dariya, wai yanzu ya samu garken da ba ya shiga gonar Kaɗo. Katanga ce ta gaske, ba a yi mata rowar siminti ba, ta fi ta gidana. Ya haƙa masai a kusurwa, ya dasa zogale da ɗan dabino, ya fitar da harsashin ɗaki. Shanu sun ƙare, saura albashin gadi. A lissafinsa, in ya matse ciki zai kai linta dab da cikar wa'adi. Da an samu shekaru na lafiya, da ya sha da ƙyar.

Sai shekarar ruwan nan ta zo. Ba sai na ba ku labari ba, kowa a cikinku yana da wanda ta taɓa. Gonaki suka nutse, gidajen ƙasa suka zube a ƙauyuka, mutane suka kwararo Dutse. Haya ta tashi, hatsi ya tashi, siminti kuwa sai ka tambayi kuɗinsa da safe ka sake tambaya da yamma. Dangin Inna Dije suka sauka a ɗaki ɗayan nan na Limawa, kuma ba a korar wanda ruwa ya koro. Abin da Baffa yake tarawa na bulo ya tafi a masara. Unguwarmu ta tsaya cak, layi-layi na katangu, ƙofofi a rufe, rufi sai ɗai-ɗai. 'Yan adaidaita suka raɗa mata suna Sai-Katanga. Kwanon da aka tanada yana jibge a sito yana tsatsa, tunda ba a kai inda za a karɓe shi ba.

Ana wata ga wata. Gari ya matso wajen, kwalta ta bi ta bakin unguwar, fulotan da muka yanka ƙanana don kada su ba manya sha'awa suka fara ba su, tunda ƙanana in ka haɗa su babba ne. Daga sama aka ce ofis ya nemo kuɗin shiga, a duba duk filin da ba a gina ba. Aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki don ni na san wurin.

Na yi magana har bakina ya bushe. Na ce a ƙara wa'adi, shekarar ba ta yi wa kowa kyau ba. Na ce a raba tsakanin katangar mai jiran farashi da katangar mai jiran kaka, kuma rabawar ba wuya: ka buɗe ƙofa ka leƙa, in ka ga masai da zogale da harsashi, mai shi zuwa zai yi. Na ce ko a juya tallafin, a ba su siminti yanzu maimakon kwanon da yake lalacewa a sito. Daraktanmu na lokacin ba mugu ba ne, kada ku ɗauka labarin mugu nake ba ku. Ya ce in aka yarda katangar Malam Buba gini ce, gobe duk alhajin da ya katange fili zai dasa zogale ya taho da lauya. Ya ce kwano a matsayin kwano aka saye shi, mai binciken kuɗi ba ruwansa da ambaliya. Ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ce. Aka ƙara 'yan watanni a tsakiyar rani, lokacin da ba mai ko kwabo, sannan aka soke rabon fulotan da ba a gina ba. Na tambayi diyya, aka ce gini ake biya wa diyya, kuma ni ma na san abin da takarda ta ce a kan katanga. Tarkon da muka ɗana wa kura, akuya ya kama.

Jan fenti da buroshi su ma kayan aikinmu ne, ba a dai koya muku su a aji. Ranar da aka fita shafa wa katangu alamar sokewa na bi motar, na ga gara a ce da ni aka yi da a ce na ɓuya. Muka tarar da Baffa a ciki yana ba zogale ruwa, labari ya riga mu. Ya fito ya gaida kowa, har 'yan sandan da aka haɗo mu da su, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce ya sani, ai na faɗa masa tun farko. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Abu ɗaya ya roƙa, kada a shafa a gabas. Ya kai mai fenti ɓangaren yamma, can ƙurya, ya ce a yi a nan. Mai fentin ya dube ni, na ce ya yi yadda Baffa ya ce. Da aka gama ya cire kwaɗonsa daga ƙofa, ya sa a aljihu, ya hau kekensa.

Dillalai sun riga sun zagaya kafin ranar, suna saye da arhar banza, wasu suka sayar suka tsira da wani abu. An je wa Baffa ya ƙi, wai abin da aka ba shi don ya zauna ba zai kai shi kasuwa ba. Filinsa da na maƙwabtansa na yamma aka haɗa aka ba wani bawan Allah, ba zan kama suna ba. Ya rushe katangun tsakiya, ya bar na waje tunda ya ga aiki mai kyau, ya ɗora waya mai ƙaya a kai, ya maƙala sabon kwaɗo a jikin guzumar Baffa. Shi ma an ba shi wa'adi, irin wancan. Wa'adin ya cika ina dab da ritaya, cikin filin ba komai sai ciyawa da zogalen da ya ƙi mutuwa. Na kawo maganar a kwamiti. Wani abokin aikina, ko kunya babu, ya ce ai mutumin ya fara aiki, ga katanga nan kowa yana gani. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya dube ni. Aka wuce batu na gaba. Daga ranar na daina magana a taro, na zauna jiran takardar sallamata.

Bana da bazara na bi ta wajen a adaidaita zan je ta'aziyya, sai na hango mutum a inuwar katangar gabas, ya gitta sanda a kafaɗa irin tsayuwar makiyaya. Na ce a tsaya. Baffa ne. Ya tsufa ƙwarai, ya bar gadi, har yanzu suna ɗakin nan na Limawa. 'Yan matan duk sun yi aure, a tsakar gidan haya aka sa su a lalle. Na tambaye shi me yake yi a nan da wannan ranar.

"Na zo duba shanu," ya ce.

Ashe duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo. Ba ya taɓa ƙofar, ba ya leƙawa. Bai tambaye ni ko akwai yadda za a yi ba, bai ambaci kowa da sharri ba. Ya kamo hannuna ya kai ni gindin katangar, inda lambatu ya toshe ruwa yake kwanciya, ya nuna min wata tsaga da yatsa zai shiga.

"Kaɗo, kai ka san mai shi. Ka ce masa bijimin nan yana ciwo a ƙafa. Ya sa masa siminti kafin ruwa ya sauka, ba mai yawa ba ne."

Na faɗa. Na nemo mutumin a waya na yi ta kira har ya gaji da ni, ya ce ba ya gari, zai turo a duba.

To, ga kwamfutarku nan. Ban ce ku goge wa'adi ba, in kun goge alhazai za su cinye ku ɗanye. Ban kuma ce ina da dabarar da ta fi taku ba, da ina da ita da na yi aiki da ita ina da ƙarfina. Abin da na sani, mutumin da kuke yanka wa filin nan ba daga ɗaki yake fara gida ba, iyayenku ma ba daga nan suka fara ba. In za ku tallafa masa, ku tallafa masa a inda yake farawa. In za ku duba ko ya gina, ku buɗe ƙofa ku shiga, kada ku tsaya a titi, balle a sama. Sauran kuma ku da daraktanku, ni na gaji.

Kai mai gilashi, kana tambaya ko an gyara tsagar? Ba a gyara ba. Ruwan Agustan nan da ya wuce ɓangaren gabas ya kwanta gaba ɗaya, bulo ya watsu har kan titi, masu baro sun kwashe rabi. Baffa ƙafa ta hana shi fita tun farkon damina, don haka bai gani ba, kuma ba wanda ya faɗa masa. Shekaranjiya ya aiko min da gaisuwa ta bakin maƙwabcinsa, ya ce a tambayi Kaɗo yaya jikin bijimi.

Na ce a ce masa ina nan zuwa.